Amsa: Awa nawa ne daga Kano zuwa Guangzhou a jirgi?

Ɗan'uwa da ka ce ka duba tikitinka ka ga za ka tashi daga Kano da rana, ka sauka Guangzhou washegari da yamma, har kake tambaya ko da gaske za ka yi awa kusan 27 a hanya: a'a, kwantar da hankalinka. Agogo ne ya rikita ka. Ni ma haka na ruɗe a zuwana na farko.

Lokacin da ake rubutawa a tikiti, na garin da aka ambata ne. China tana gaban Najeriya da awa 7, ita kuma Habasha, inda nake ya da zango, tana gaban Najeriya da awa 2. Cire bakwai daga lissafinka, ka ga saura kimanin 20. Wannan shi ne ainihin abin da za ka yi daga tashi har sauka.

Tsakanin Kano da Guangzhou kimanin kilomita 11,000 ne, kuma dole sai ka ya da zango. Ni na fi bi ta Addis Ababa da jirgin Ethiopian. Daga filin Malam Aminu Kano zuwa filin Bole kilomita 3,300 ne da 'yan kai, awa 5 ko kusa da haka. Sai zaman jira na 'yan awanni, a nan nake haɗa magariba da isha'i in samu abin taɓawa. Daga nan ne ake doguwar tafiya, kilomita 8,000, awa 10 da wani abu kana ɗaure a kujera har filin Baiyun na Guangzhou. Nemi kujerar bakin hanya, wallahi ka ji shawarata. Ka riƙa miƙewa kana taka ƙafa, ka sha ruwa sosai. Na taɓa sauka ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga.

Dawowa takan ɗan fi tsawo, domin jirgin yana fuskantar iskar da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, amma agogo zai mayar maka da awa bakwai ɗinka.

Abin da ya fi damuna da sababbin zuwa shi ne su sa ranar shiga kasuwa washegarin sauka. Kar ka yi haka. Ƙarfe 9 na safe a can, 2 na dare ne a jikinka. Na taɓa zama ciniki a unguwar kasuwanci ta Sanyuanli idona na rufewa, na amince da farashin da na yi ta cizon yatsa a kansa. Ka ba jikinka kwana ɗaya cur ka huta a masauki, ko ka ɗan zaga unguwar Xiaobei ka ci abinci wurin 'yan uwa Musulmi.

In kuma tafiyarka ta faɗo a Afrilu ko Oktoba, lokacin babban baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou, kama ɗaki tun kana Kano, don otal yakan yi tsada ƙwarai. Allah ya kai ka lafiya.