Me ya sa masu sha'awar motoci suke ji da tsohuwar Golf GTI?

Tambaya: Malam, a garinmu Golf motar haya ce da ake loda wa fasinja da kaya, amma na ga a intanet Turawa suna rububin wata tsohuwa mai suna GTI, har suna yi mata taro na musamman. Mene ne asalinta, kuma me ya bambanta ta da wadda muka sani?

Amsa: Malam, a jiki kusan mota ɗaya ce, bambancin yana cikin injin da ƙafafu. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fitar da Golf a 1974 domin ta gaji Beetle, wadda kasuwarta ta fara ja da baya. Ɗan Italiya Giorgetto Giugiaro ne ya zana ta: injin a gaba, ruwa ke sanyaya shi, tayoyin gaba ke jan motar, sannan but ɗinta a haɗe yake da ɗakin fasinja, ƙofarsa tana ɗagawa sama tare da gilashin baya. An yi ta ne don magidanci mai tsimin fetur, kuma ta fito a lokacin da duniya ba ta gama farfaɗowa daga tsadar mai ta 1973 ba.

A irin wannan yanayi shugabannin kamfanin ba su da niyyar ƙera motar gudu. Wasu ma'aikata ƙalilan ne, cikinsu har da injiniya Alfons Löwenberg da jami'in hulɗa da 'yan jarida Anton Konrad, suka riƙa aikin a gefe ba tare da izini a hukumance ba, sai da abin ya kankama suka gabatar da shi. An nuna motar, wato Golf GTI, a bikin baje kolin motoci na Frankfurt a Satumbar 1975, aka fara sayar da ita a 1976. An yi shirin ƙera guda 5,000 kacal, amma kafin a daina yin samfurin farko a 1983 adadin ya haura 460,000.

Injinta mai lita 1.6 ne, irin na Audi 80 GTE, kuma maimakon kafireta an sa masa na'urar fesa mai ta Bosch mai suna K-Jetronic, wadda ta ba shi ƙarfin doki 110. A yau wannan ba abin a zo a gani ba ne, to amma nauyin motar kilo 810 ne kawai, kuma a nan sirrin yake. Tana kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 9 ko kusa da haka, iyakar gudunta kilomita 182, wato tana iya tsere da motocin da suka ninka ta tsada. An rage mata tsayi daga ƙasa, an ƙarfafa sifirin da shokazoba, an faɗaɗa tayoyi, saboda haka idan ta shiga kwana ba ta kwanciya gefe. Sitiyarinta babu na'urar sauƙaƙa juyi, kuma duk abin da taya ta taka direba yana jin sa a tafin hannunsa. A ganina wannan ne ainihin abin da masoyanta suke nema, ba gudun ba, domin motocin iyali da yawa na yanzu za su wuce ta a miƙaƙƙiyar hanya, sai dai nauyi da na'urorin kwamfuta sun shiga tsakanin direba da titi. Ga shi kuma duk da wannan zafin nata tana ɗaukar iyali da kayan cefane, abin da motocin gudu masu kujera biyu na zamaninta ba sa iyawa.

Kwalliyarta ma ta zama tambari: jan layi a kewayen ragar gaba, kujeru masu zanen murabba'i irin na tufafin Sukotland, da kan giya mai siffar ƙwallon golf, wanda wata ma'aikaciyar sashen zane, Gunhild Liljequist, ta ƙirƙiro.

Ba ita ce ta fara wannan salo ba, domin Simca 1100 TI da Autobianchi A112 Abarth sun riga ta, amma ita ce ta mayar da shi kasuwa. A 1984 Peugeot ta fito da 205 GTI, kuma har gobe ana gardama a kan wadda ta fi daɗin tuƙi. Golf ta biyu ta samu injin mai bawul 16 da ƙarfin doki 139, ta riƙe martabar sunan. Ta uku, wadda ta fito a 1991 kuma ita ce ta cika tashoshinmu, ta yi nauyi, shi ya sa GTI ɗinta mai ƙarfin doki 115 ba ta burge masu sha'awa ba. Sai a 2004 samfuri na biyar mai turbo da ƙarfin doki 200 ya dawo da farin jinin. Taron da ka gani kuwa, mafi shahara shi ne wanda aka riƙa yi tun daga 1982 a bakin tafkin Wörthersee na ƙasar Ostiriya, kafin a daina yin sa a can.

Tsadar da samfurin farko yake da ita a yau ta samo asali ne daga ƙarancinsa, domin tsatsa ta cinye da yawa, wasu sun ƙare a haɗari, wasu kuma an sauya musu injin da kujeru har sun rasa asalinsu, alhali mai tara tsofaffin motoci yana biyan kuɗi ne a kan wadda take yadda ta fito daga kamfani. Saboda haka idan wani ya tallata maka Golf mai tambarin GTI, kada ka dogara da tambarin, tunda ana sayar da shi a kasuwar kayan gyara. Ka sa bakanike ya duba lambar shasi da ta injin ya gwada su da takardun motar, ya leƙa ƙarƙashinta da gindin gilashin gaba don neman tsatsa, sannan ya tabbatar ba a cire na'urar fesa mai an mayar da kafireta ba, domin masu iya gyaran K-Jetronic ba su da yawa.