Takalmin Filin Golf ga Mai Faffaɗar Ƙafa: Amsa ga Ɗalibinmu da ke Sikotland

Wani ɗalibi ɗan asalin Zariya, wanda yake karatun digiri na biyu a Sikotland, ya aiko mini da tambayar da shi kansa ya ce yana jin nauyin kawo ta gaban manya. Ya samu aikin wucin gadi a wani filin golf, wato wasan da gidajen rediyonmu ke kira ƙwallon lambu, a bakin teku a yankin Fife. Da sassafe yana taya ma'aikata gyaran ciyawa, sannan an yi masa tayin ya riƙa ɗaukar wa baƙi jakar sandunan wasa. Ya ce a gida lamba 43 yake sakawa, amma da ya sayi takalmin golf mai wannan lamba sai ya matse shi har ƙaramin yatsansa ya yi bororo. Ya koma ya sayi lamba 45, shi kuma ya riƙa cin dunduniyarsa, ga zafi a tafin ƙafa duk safiya. Kuɗin da ya ware don aikawa gida sun ragu, yana kuma tunanin ya sa a sayo masa gwanjo daga Kano a aiko masa.

Ƙanena, ka daina jin nauyi, domin mutumin da yake cin abinci da ƙafarsa ba shi da kayan aikin da ya fi takalmi. Zagaye ɗaya na wasan, wato ramuka 18 da ake bi ana jefa ƙwallo a ciki, yakan ɗauki awa huɗu ko fiye, kuma mai bin ɗan wasa yakan taka kilomita takwas ko sama da haka, a kan tudu da gangare da rairayi, ɗauke da jakar da nauyinta kan haura kilo goma. Takalmin da ya ɗan takura maka a shago, a rami na goma sha biyu sai ya zame maka azaba.

Kuskurenka ɗaya ne, kuma da yawa daga namu da suka zo Turai sun yi shi: ka nemi faɗi, sai ka ƙara tsawo. Mu da muka tashi cikin silifa da takalmi fade, muka yi ƙwallo a tsakar unguwa ba takalmi, yatsunmu sun samu sarari sun baje, ƙafarmu kuwa takan fi ta wanda aka sa wa sau-ciki tun yana tatata faɗi. Ƙafarka lafiyarta ƙalau, takalmin ne ba a yanka shi dominta ba. Kowane takalmi yana da wurin da aka yi shi ya lanƙwashe, kuma ana so wurin ya dace da gindin yatsunka, inda ƙafa ta fi faɗi. Da ka saka 45, malanƙwasar takalmin ta wuce gaba ta bar taka a baya, dunduniya ta samu gurbin hawa da sauka a kowane taku, yatsunka kuma suka riƙa damƙar ƙasan takalmin don kada ya fita. Ina kyautata zaton wannan damƙa ta yini guda tana da hannu a zafin da kake ji da safe.

A gida lamba ɗaya muka sani, amma a nan takalmi yana da awo biyu, na tsawo da na faɗi. Lambarka ta 43 a ma'aunin Turai ta yi kusan daidai da 9 a ma'aunin Birtaniya da 10 a na Amurka. Faɗi kuwa da haruffa ake nuna shi. A tsarin Amurka, wanda yawancin takalman golf ke bi, D shi ne matsakaici ga maza, 2E mai faɗi, 4E mai faɗi sosai. A tsarin Birtaniya F ne matsakaici, G mai faɗi, H wanda ya fi shi. Wasu kamfanoni ba sa wahalar da kansu da wannan, sai dai ka ga harafin W ko XW a gefen kwali. Kamfanin FootJoy, wanda sana'arsa ke nan, yana fitar da takalma da dama a faɗi daban-daban, haka ma New Balance da Skechers suna da masu faɗi, na Ecco kuma an san su da sakin wuri wajen yatsu. Sai dai kada sunan kamfani ya ruɗe ka, domin mai faɗin wani kamfani yana iya zama matsakaicin wani, kuma ƙafarka ce kaɗai za ta raba gardama.

Ka je shago da kanka, da yamma bayan ka tashi daga aiki, saboda ƙafa tana kumbura kaɗan idan aka wuni a kanta, kuma wannan kumburarriyar ƙafar ce za ta zauna cikin takalmin. Ka tafi da safar da kake aiki da ita. Ka ce a auna ka a tsaye a kan ma'aunin ƙarfen nan da ake kira Brannock, wanda yake nuna tsawo da faɗi a lokaci guda, a kuma auna ƙafafun biyu, domin da wuya su zo daidai. Babbar ake bi. Akwai wani gwaji da nake koya wa kowa. Ka zare shimfiɗar da ke cikin takalmin, ka ajiye ta a ƙasa, ka taka ta da dukkan nauyinka, ka duba. Idan ka ga gefen ƙaramin yatsanka ko gindin babban ya zubo waje da shimfiɗar, mayar da takalmin kan kanta, ko da mai shago ya rantse maka zai saki. Idan ƙafar ta zauna cikinta, kuma tsakanin yatsa mafi tsawo da bakinta akwai kimanin faɗin babban yatsan hannu, to ka mayar da ita ciki, ka ɗaure igiya, ka zaga shagon na minti goma. Dunduniya ta zauna daram, yatsu kuma su iya motsi.

Maganar cewa zai saki tana da gaskiya kaɗan a kan takalmin fata, wanda yakan ɗan buɗe ta gefe, amma na roba da masu rufin hana ruwa shiga kusan yadda ka saye su haka za su tsufa. A Sikotland kuwa ba ka da zaɓi a kan hana ruwa, domin ko ba a yi ruwan sama ba, raɓar asuba a kan ciyawa ta isa ta jiƙa safa cikin rabin awa, jiƙaƙƙiyar fatar ƙafa kuma ita ce ta fi saurin yin bororo. Sannan ka riƙe takalmin a hannu ka murɗa shi kamar mai matse wanki. Idan ya murɗu cikin sauƙi, ba zai tallafi ƙafar mai ɗaukar kaya ba. Ka danna bayan dunduniyarsa da yatsa. Ana so ya yi tauri. Game da ƙasansa, an daina ƙusoshin ƙarfe a yawancin filaye tun shekarun 1990 saboda suna ɓata ciyawa, yanzu sai haƙoran roba masu kwancewa, ko kuma ƙasa mai ƙananan tsauni ba haƙora. An yi masu haƙora ne domin ɗan wasa ya kafe ƙafa lokacin da yake juya jiki ya bugi ƙwallo. Kai da tafiya ce aikinka, ni a ganina marar haƙora ya fi maka sauƙi, muddin ƙasansa yana kama jiƙaƙƙiyar ciyawa. A wajen ɗauri ma na fi son igiya ga mai faffaɗar ƙafa, a kan maballin da ake murɗawa ya tamke takalmin, saboda da igiya za ka iya sassauta wajen yatsu ka tamke wajen idon sawu.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, wanda kuma ya fi damuna. Aiki biyu ka ambata, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Idan kana kusa da injin yankan ciyawa, takalmin golf ba naka ba ne a wannan lokaci. Takalmin kariya ake sakawa, mai ƙarfe ko wani abu mai tauri a baki, shi ma kuma akwai masu faɗi. Dokar Birtaniya ta kayan kariya a wurin aiki ta 1992, wadda aka faɗaɗa a 2022 ta haɗa da masu aikin wucin gadi, ta ɗora wa mai ba da aiki ya samar da kayan kariyar da aikin ke bukata kyauta, kuma su zama daidai da jikin ma'aikaci. Don haka ka je wurin shugaban ma'aikata cikin ladabi ka gaya masa ƙafarka mai faɗi ce. Haƙƙinka ne, ba roƙo ba.

Ɗaukar jaka kuwa, ka tsaya tukuna. A filaye da yawa na Sikotland masu wannan aiki ba ma'aikatan filin ba ne, masu zaman kansu ne, ɗan wasa ne yake biyansu hannu da hannu. Bizar ɗalibi ta Birtaniya ta hana sana'ar zaman kai ɗungurungum, ta kuma iyakance aiki ga awa 20 a mako lokacin karatu, sannan ga mai digiri na biyu watannin rubuta kundi sau da yawa cikin lokacin karatu ake lissafa su, ko da sauran ɗalibai sun tafi hutu. Kafin ka ɗauki jakar kowa, ka tambaya ko ta cikin albashinka za a biya ka, ka kuma kai amsar ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku su ba ka hukunci a rubuce. Na ga yaran kirki sun shiga wahalar takardu a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba.

Gwanjon Kano ban ba ka shawararsa ba. Wanda zai saya maka lambar tsawo kawai zai duba, kuma tsohon takalmi ya riga ya ɗauki siffar ƙafar mai shi na farko, rufin hana ruwansa ma ya gaji. Idan kuɗi ne matsalar, ka nemi samfurin bara, wanda ake karya wa farashi idan kakar wasa ta ƙare. Idan ta intanet ka saya, doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da kaya suka iso ka fasa cinikin, amma a kan kafet ɗin ɗakinka za ka gwada, kada ya taɓa ciyawa. Ka kira gida ka gaya wa mahaifinka gaskiya, cewa aiken wannan wata zai ragu saboda ka sayi kayan aiki. Wanda ya san noma ba zai yi maka faɗa a kan kuɗin fartanya ba.

Bayan alwala ka tsane tsakanin yatsunka sosai kafin ka mayar da safa, ka ajiye busasshiyar safa ta biyu a jaka. Idan ka dawo, ka zare shimfiɗar, ka cusa tsohuwar jarida cikin takalmin ya bushe da kansa, nesa da na'urar ɗumama ɗaki, domin zafi yana busar da fata ya tsuke ta. Zafin tafin ƙafar kuwa, idan ya wuce mako biyu bayan ka canza takalmi, ka ga likitan da ka yi rajista da shi, tun da ka biya kuɗin kiwon lafiya tare da bizarka. Idan kuma kana da ciwon sukari, ko ƙaramin bororo kada ka jira da shi. Shi kuwa lamba 45 ɗin nan da ka riga ka taka, shago ba zai karɓe shi ba. Ka goge shi ka ajiye, idan ka samu mai tafiya gida ka ba shi ya kai wa wanda lambarsa ce a cikin 'yan'uwa.