Amsa: Nana Asma'u 'yar Shehu ce ko matarsa?

Wa alaikumus salam. Malam mai tambaya daga Ringim, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, ba matarsa ba, kuma wallahi na ji daɗin wannan tambaya don mu nan ƙauye sai dai mu raɗa wa yara sunan Asma'u mu wuce bamu san mai sunan ba.

An haife ta a Degel a 1793, tagwaye ne ita da Hassan, mahaifiyarsu Maimuna. Tana yarinya akai hijira zuwa Gudu a 1804, kaga ke nan da idonta ta ga wahalar jihadin, ba labari aka bata ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yayanta ne uba ɗaya, mijinta kuwa Gidado ɗan Laima, wazirin Bello, ɗansu Abdulƙadir shima ya yi wazirci bayan uban. Marigayi Waziri Junaidu ma jinin gidan Gidado ne.

Amma ni abinda yafi taɓa min zuciya 'yan taru ne, wato ƙungiyar karantar da mata da ta kafa, yadda take naɗa wa jaji, wato jagorar matan, malfa ta tura ta ƙauyuka ta tattaro mata suzo ɗaukar karatu su koma su koyar da na gida, irin matan karkara dai kamar iyayenmu masu daka da surfe. Ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci saboda kowa ya samu. Shi yasa raina ke ɓaci in naji wani yace karatun mace baƙon abu ne garemu.

Ta rasu a 1864, kabarinta na Hubbare a Sakkwato kusa da na mahaifinta. Allah ya jiƙanta da rahama.