Tambayi Likita: Tarin da ya ƙi jin magani, da kansar huhu da ba a cika zancenta ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya haura shekara 60, ya daɗe yana shan taba kafin ya daina. An ɗora shi kan maganin tarin fuka, ya shanye na wata shida cif, amma tarin na nan, yana ta ramewa, kwanan nan ma har jini muke gani a kakinsa. An ce a sake ɗora shi kan maganin. Ya za mu yi? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiya. Kafin a sake ba shi ko ƙwaya ɗaya, ki tambayi masu duba shi: tun farko an ga ƙwayar cutar a kakinsa, ko da hoton ƙirji da alamomi kawai aka yanke hukunci? Gwajin kaki da ake kira GeneXpert yana nuna ƙwayar, yana kuma nuna ko ta bijire wa babban maganin da ake ba ta. In ta bijire, akwai wani jerin magani na daban. In kuwa ba a taɓa ganin ƙwayar ba, to a faɗaɗa bincike, kuma a sa kansar huhu cikin abubuwan da ake nema.

Cututtukan biyu kamanninsu ɗaya a idon mai kallo: tari, rama, rashin cin abinci, ciwon ƙirji, jini a kaki. Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, don haka ba laifi ba ne likita ya fara zargin sa, kuma galibi yakan dace. Inda ake kuskure shi ne a ga wata biyu ya wuce babu sauƙi amma a ci gaba kamar ba abin da ya faru. Mai tarin fuka da ke shan magani daidai yakan fara jin daɗin jikinsa cikin 'yan makonni, cin abinci ya dawo, nauyi ya fara ƙaruwa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wani lokaci ma cutar biyu kan haɗu a jikin mutum guda.

Ki nemi a ba ku takardar tura shi asibitin koyarwa, ga na Shika nan kusa da ku. Can za a yi masa hoton siti-sikan na ƙirji, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, in an ga wani ƙullutu a ɗebi ɗan ƙanƙanin nama a gwada, ko dai da allura ta ƙirji, ko da siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanci ko baki. Ki faɗa musu in murya ta dishe, ko fuska da wuya na kumbura, ko kafaɗa ɗaya na ciwo ba dare ba rana. Ban ce Baba na da kansa ba. Na ce kada a sake ɓata wasu wata shidan kan zato. Alƙaluman Amurka sun nuna in an kama ta tun tana cikin huhu kaɗai, fiye da mutum 60 cikin 100 suna kai shekara biyar da rai. In ta riga ta bazu zuwa wasu sassan jiki, ba su kai 10 ba.

Tambaya: Likita, an ce mahaifiyarmu tana da kansar huhu, alhali ko warin taba ba ta so. Anya ba kuskure aka yi ba? Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

Amsa: Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunta. In an gwada nama an tabbatar, ba kuskure ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba ce ke jawo kusan kashi 85 cikin 100 na wannan cuta, sauran kuwa sun haɗa da mutanen da ba su taɓa kai kara baki ba. Akwai hayaƙin tabar wani da ake shaƙa a ɗaki ɗaya, akwai gurɓatacciyar iskar gari, da hayaƙin dizal, da ƙurar asbesto (wani ma'adini da ake sawa a kayan gini), da wata iska mai suna radon da ke fitowa daga ƙasa ba ta da launi ba ta da wari. Sai hayaƙin girki a rufaffen madafi, wanda iyayenmu mata ke shaƙa shekara da shekaru. An tabbatar da illar na kwal, na itace kuma ana kyautata zaton shi ma yana taka rawa.

Ga abin da ya fi amfanar ku yanzu: ku tambayi likitanta ko za a iya gwada naman don neman canjin ƙwayar halitta da ake kira EGFR ko ALK. An fi samun su ga mata da waɗanda ba su taɓa shan taba ba, kuma in an samu, akwai ƙwayoyin haɗiya da aka yi musamman dominsu. Suna da tsada, amma tambayar ta cancanci a yi ta.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, shekarata 25 ina shan taba. In na daina yanzu akwai amfani, ko aikin gama ya gama? Abokaina sun ce in koma shisha. Daga Gusau.

Amsa: Malam, bai gama ba. Wanda ya yi shekara goma da dainawa, haɗarin mutuwarsa da kansar huhu yakan sauko zuwa kusan rabin na wanda ya ci gaba, zuciya kuma tana samun sauƙi tun kafin haka. Shisha kuwa taba ce aka ɗora wa gawayi, ruwan tulun ba ya tace gubar, zama ɗaya kuma mutum na zuƙar hayaƙin da ya ninka na kara ɗaya sau da yawa.

A Amurka ana yi wa masu shekara 50 zuwa 80 da suka daɗe suna shan taba sosai hoton siti-sikan mai ƙaramin haske duk shekara, bayan wani babban bincike da aka fitar a 2011 ya nuna yana rage mace-macen kansar huhu da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da hoton ƙirji na yau da kullum. Kai dai, duk tarin da ya wuce mako biyu, ka ajiye mota ka je asibiti.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, muna da ƙungiyar wayar da kai a makaranta. Duk Oktoba ana gangamin kansar mama, amma ban taɓa jin na huhu ba. Ba ta da yawa ne? Daga Kano.

Amsa: 'Yata, ita ce kansar da ta fi kowace kashe mutane a duniya. Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta duniya ta 2022 ta nuna kusan mutum miliyan 2.5 suka kamu da ita a shekarar, kusan miliyan 1.8 suka rasu. Tana da watanta, Nuwamba, da ranarta, 1 ga Agusta. Shirun da kike ji yana da dalilai. Mai kansar mama ana tausaya mata, mai ta huhu kuwa tambayar farko da ake yi masa ita ce ko yana shan taba, wato kai ka jawo wa kanka. Sannan masu tsira daga kansar mama suna da yawa, su ne ke fitowa su yi gangami su nemo kuɗi. Masu ta huhu da yawa ba sa samun wannan lokacin. Shi ya sa a Amurka da Ingila aka daɗe ana kukan cewa kuɗin binciken da take samu bai yi daidai da yawan rayukan da take ɗauka ba. A ganina zargin da ake yi wa mai kansar huhu cewa shi ya jawo wa kansa zalunci ne. Yawancin masu shan taba suna yara suka fara, ana yi musu talla ta ko'ina.

Kuma bincike yana biya. Richard Doll da Bradford Hill ne a Ingila suka nuna alaƙar taba da wannan cuta a 1950. A 2004 aka gano sirrin EGFR da na ambata a sama. A 2015 aka fara amincewa da magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi kansar huhu, aikin da ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel a 2018.

A wajenmu, binciken da ya fi gaggawa shi ne ƙirga. Kansar huhu tana fitowa kaɗan a alƙalumanmu, ni kuma ban yarda ƙarancinta ne kaɗai dalili ba: wasu an binne su da sunan tarin fuka, ba a taɓa gwada namansu ba. Cutar da ba a rubuta ba, ba a ware mata kasafi. Nijeriya na da dokar taƙaita shan taba ta 2015, akwai kuma hukumar binciken kansa ta ƙasa, NICRAT, a Abuja. Ƙungiyarku za ta iya rubuta wa 'yan majalisarku kan ware kuɗi don rajistar ƙirga masu kansa da na'urorin gwaji a asibitocin koyarwa, ku tuna musu da alƙawarin Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka ce za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. A Nuwamba kuma ku je tashar mota da majalisar masu shayi, ba ɗakin taro kaɗai ba.

Tambaya: An ce in aka taɓa ciwon daji da allura ko wuƙa sai ya bazu. Gaskiya ne? Daga Agadas.

Amsa: A'a. Abin da ke faruwa shi ne ana zuwa asibiti bayan ciwon ya riga ya yi nisa, sai a ɗora wa allurar laifi. Ba tare da an gwada naman ba, likita ba zai san wace irin kansa ce ba, domin ta huhu ma manyan iri biyu ce, kowace da maganinta. In an ce a ɗebi nama, ku sa hannu a yi.