Baba ya fara ruɗewa, yayyena sun ce a dawo da shi gida

Wata 'yar'uwa daga Birmingham ta rubuto cewa mahaifinta mai shekara 78, mai takardar zaman dindindin a Ingila, cutar mantuwa ta kama shi. Sau biyu yana buɗe ƙofa ya fita da tsakar dare, ita kuma aikin dare take yi. Likita ya kawo maganar gidan kula da tsofaffi, yayyenta a Najeriya sun ce abin kunya ne.

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi, ya ba ki ladan jinya.

Abin da ya fi gaggawa shi ne takardar wakilci ta LPA, wadda zai ba ki ikon yanke shawara a madadinsa da ita, guda biyu: ta dukiya da ta lafiya. Sai yana cikin hayyacinsa zai iya sa hannu. Idan hankalin ya gushe, sai kin bi ta kotu, ga tsada ga ɓata watanni, banki kuma ba zai saurare ki ba.

Daga nan ki kira sashen kula da manya na ƙaramar hukumarku, su zo su auna buƙatunsa. Kyauta ne, dokar kula da manya ta 2014 ta wajabta musu. Kada kunya ta sa ki ce "muna lallaɓawa". Ki faɗi fitar dare, da tukunyar da ya manta a kan wuta, da komai. Wani lokaci mai jinya da zai riƙa zuwa gida safe da yamma da ƙararrawar ƙofa sun wadatar.

Idan dukiyarsa ta haura fam 23,250, shi zai biya kuɗin gidan kula da tsofaffin, kuma ana lissafa har gidan da ya gina a Najeriya. Doka ba ta ɗora wa 'ya'ya biya ba, don haka kada ki sa hannu a kan kuɗin ciko, wato ƙarin da ake neman dangi su biya, ba ki karanta ba.

Wajen zaɓen gida, ki duba rahoton CQC, hukumar da ke sa ido a kan gidajen kula da tsofaffi, amma ki je da ƙafarki lokacin cin abinci. Ki lura ko akwai mai zama ya ba wanda hannunsa ke rawa abinci a baki. A rubuta abincin halal, lokutan salla, da namiji mai yi masa wanka a cikin tsarin kulawarsa, don alkawarin baki yakan tafi da ma'aikacin da ya yi shi. Masu wannan cuta sukan zubar da Turanci su koma harshen uwa. Ki manna kati a jikin gadonsa: ruwa, ciwo, sanyi, bayan gida, da fassararsu.

Komawa gida ba laifi ba ne, amma da lissafi. Fanshonsa na gwamnati zai bi shi, sai dai ba za a ƙara masa ko kwabo ba duk shekara. Ya wuce shekara 2 a waje, takardar zamansa ta mutu. Ki tambayi yayyenki, da suna, wa zai kwana a ɗakin Baba.