Nisan Kano zuwa Jidda ta jirgin sama

Malam, ka tambayi nisan Kano zuwa Jidda, da dalilin da ya sa awannin da ke kan tikitinka suka fi lissafinka yawa.

In an miƙe sambal daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz, kusan kilomita 3,400 ne. Jirgin fasinja na cin wajen kilomita 850 a awa, ka ga awa huɗu ke nan da 'yan kai, in ka haɗa da tashi da sauka. Miƙaƙƙiyar hanyar ta Chadi take bi, ta ratsa Sudan, ta tsallake Bahar Maliya. To da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 sai aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru, kuɗin mai ma haka.

Amma ina jin agogo ne ya ruɗe ka. Saudiyya na gaba da mu da awa biyu, kuma lokacin sauka da ke kan tikiti nasu ne. Cire biyun tukuna, sannan ka lissafa.

Allah ya kai ka lafiya, a sa mu a addu'a.