Ku Tambayi Likita: ƙwayoyin nano da na'urorin awon lafiya a gida

Saƙonnin wannan karon yawancinsu a kan na'urorin da mutane ke auna kansu da su a gida ne, sai kuma abin nan da ake kira nano, wanda yanzu kowane mai talla ke liƙa wa hajarsa. Ga waɗanda na zaɓa.

Assalamu alaikum Likita. Ana cewa akwai ƙwayoyin nano a cikin allurar rigakafin korona, wai 'yan na'urori ne masu aika bayanan mutum. Ni tuni aka yi mini, amma har yau hankalina bai kwanta ba.

Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka. Akwai gaskiya a maganar, amma an yi mata ƙari mai yawa. Allurar Pfizer-BioNTech da ta Moderna, waɗanda aka fara yi wa jama'a a Disamban 2020, lallai suna ɗauke da ƙwayoyin nano, sai dai ƙwayoyin maiƙo ne zalla. Nanomita ɗaya shi ne a raba mita gida biliyan a ɗauki kashi guda. Kaurin gashin kai ɗaya ya kai nanomita 80,000, su kuwa waɗannan ƙwayoyi kusan 100 ne kowacce.

Saƙon da allurar ke ɗauke da shi, wato mRNA, ba shi da juriya. Idan aka zuba shi tsirara, jiki zai narkar da shi kafin ya isa inda ake so, shi ya sa ake naɗe shi cikin maiƙo iri huɗu, ɗaya daga ciki ma kolestarol ne, wanda hantarka ke haɗawa kullum. Da maiƙon ya isar da saƙon, jiki ya sarrafa shi ya fitar. Na'urar da za ta aika bayani kuwa sai da wuta, sai da eriya, kuma maiƙo ba shi da ko ɗaya. In ma AstraZeneca ko Johnson & Johnson aka yi maka, su ba sa amfani da wannan dabara gaba ɗaya.

Kuma ba da korona aka fara ba. Tun 1995 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Doxil, maganin ciwon daji da aka naɗe cikin irin wannan maiƙo domin a rage illar da yake yi wa zuciya. Ya rage ɗin, amma ya zo da tasa matsalar, don wasu tafin hannunsu da na ƙafa kan yi ja, ya yi zafi, har ya saɓe. Ita ma allurar korona akwai 'yan kaɗan da jikinsu ke ƙin wani sinadarinta nan take, dalilin da ya sa ake zaunar da mutum minti 15 bayan an yi masa ke nan. Kai da ka wuce wannan da shekaru, babu abin da ya saura a jikinka.

Likita, ɗana ya gama shan maganin maleriya mako biyu da suka wuce. Na sake gwada shi da abin gwajin nan na ɗigon jini, layi na biyu ya fito dishi-dishi. Maganin ne bai yi aiki ba?

Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Bari in fara da abin da zai ba ki mamaki: jan layin nan, a yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje, zinare ne. Idan aka mayar da zinare ƙwayoyi 'yan kimanin nanomita 40, sai ya bar launinsa ya koma ja. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, ya bayyana haka tun 1857. Ana liƙa wa kowace ƙwayar zinare wani sinadari mai cafke furotin ɗin ƙwayar cutar, jini ya kwashe su ya bi takardar, in akwai furotin ɗin su taru a wuri guda har ido ya gani. Da yawa daga gwajin ciki da na korona haka suke aiki.

To a nan amsarki take. Gwajin furotin yake nema, bai san ko ƙwayar cutar na raye ko ta mutu ba. Wanda aka fi nema, HRP2, yakan yi makonni a cikin jini bayan an warke sarai. Saboda haka wannan gwaji ba ya tabbatar da warkewa. Idan yaron yana ci, yana wasa, ba zazzaɓi, kada ki sake ɗora shi a kan magani don layi kawai. In zazzaɓi ya dawo, a kai shi asibiti a duba jinin a madubin likita, a kuma bincika ko wani abu ne daban. Jijjiga, amai ba ƙaƙƙautawa ko kasa shan ruwa kuwa, ba a jira.

Likita, mahaifina na da ciwon suga, yana allurar insulin, ya gaji da tsire yatsa. Na ga tallan agogon hannu mai auna suga ba tare da huda fata ba, na kuma ji akwai wani abu da ake liƙawa a damtse. Wanne zan saya masa?

Allah ya yi miki albarka da wannan kulawa. Agogon dai ki bar shi inda kika gan shi. A Fabrairun 2024 FDA ta fito fili ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga da kansa ba tare da huda fata ba. Ga mai allurar insulin abin ba wasa ba ne. Agogo ya nuna masa suga ya hau alhali bai hau ba, ya ƙara allura, suga ya faɗi, ya suma. Masu bincike suna ta ƙoƙarin auna suga ta gumi, da zinaren nano da wani siririn gawayi da ake kira girafin, kuma ina fatan su dace. Amma sugan da ke cikin gumi ɗan kaɗan ne ƙwarai, ba ya kuma bin na jini sau da ƙafa, don haka aikin bai kai a dogara da shi ba tukuna.

Na damtsen shi ne na gaske. Irin FreeStyle Libre na kamfanin Abbott, da ya fito a Turai a 2014, ɗan faifai ne fari da ake mannawa a bayan damtse, yana da siririn zare mai tsawon kamar milimita 5 da ke shiga ƙarƙashin fata. A jikin zaren akwai sinadarin da ke haɗuwa da suga ya haifar da 'yar wutar lantarki, ita na'urar ke mayarwa lamba ta tura waya. Yana yin kwana 14 kafin a canza. Wani irinsa na kamfanin Dexcom, G7 na farko, kwana 10 yake yi. Babban amfaninsa a wurina shi ne dare. Tsire yatsa lamba ɗaya yake ba ka a lokacin da ka auna, wannan kuwa yana nuna inda suga ya dosa, sababbin ma suna yin ƙarar gargaɗi idan ya kusa faɗuwa mutum yana barci.

Sai dai ku san halinsa kafin ku saba da shi. Ba jini yake aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama ne, wanda yakan yi jinkirin minti 5 zuwa 15 a bayan jini, musamman bayan cin abinci ko motsa jiki. Idan Baba ya kwanta a kan hannun da aka manna shi, yana iya nuna suga ya faɗi alhali danniya ce kawai. Yawan shan bitamin C kuma na iya sa wasu nau'o'in Libre su nuna lamba sama da gaskiya. Don haka kada a jefar da tsohuwar na'urar yatsa. Duk lokacin da lamba ta saɓa da yadda yake ji, a tsire yatsa a tabbatar. In yana rawar jiki, gumi na keto masa, ko magana ta fara harɗewa, a ba shi abu mai zaƙi nan take ko da faifan ya ce komai lafiya. Lambar suga ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL faɗuwa ce. Ku je wurin likitansa tare, shi zai nuna muku yadda za a daidaita allura da waɗannan lambobi.

Likita, mahaifiyata na da ciwon huhu. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna 95 ko 96, amma ina ganin numfashi na yi mata wuya.

Ɗan'uwa, idonka za ka bi. Wannan na'ura, wadda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano dabararta a farkon shekarun 1970, haske iri biyu take ratsa yatsa da shi, ja da wani da ido ba ya gani, ta lissafa yawan oksijin daga abin da jini ya shanye. Duk abin da ya tsaya a hanyar hasken na iya rikita lissafin: jan farce, yatsa mai sanyi, rawar hannu, da kuma launin fata. A Disamban 2020 likitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka sun wallafa binciken da ya nuna cewa a marasa lafiya baƙar fata, na'urar ta kasa gano ƙarancin oksijin kusan ninki uku fiye da yadda ta kasa a farar fata. Kuskuren sama yake yi, wato ya kwantar maka da hankali inda bai kamata ba. Wannan ya daɗe yana damuna, domin an yi shekaru ana gwada na'urorin galibi a kan fararen fata.

Ka ɗumama mata hannu, ta zauna ba motsi, ka jira lambar ta tsaya. Ka san lambarta ta ranar da take lafiya, domin sauka daga nan ta fi lambar kanta muhimmanci. Idan kuwa ba ta iya ƙarasa jimla sai ta tsaya ta ja numfashi, ko leɓe da harshe sun sauya launi, ko ta fara ruɗewa, a tafi asibiti yau, ko da na'urar ta ce 98.

Likita, wata ƙawata ta ba ni ruwan azurfar nano, ta ce yana kashe kowace irin ƙwayar cuta in ana sha kullum.

Baiwar Allah, kada ki sha. Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta a kan fata, shi ya sa ake sa ta a wasu bandejin ƙuna da gyambo. A cikin ciki kuwa babu cutar da aka tabbatar tana warkarwa, jiki ma ba ya buƙatarta, kuma tun 1999 FDA ta ce ba a san irin wannan ruwa da aminci ko amfani ba. Mai yawan sha, azurfar takan taru masa a fata ta mayar da ita shuɗi-shuɗi mai toka, kuma launin ba ya komawa. Tana kuma hana hanji tsotse wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da maganin maƙoƙo na tairoksin. In kin riga kin fara, ki daina, ki ɗauki kwalbar ki nuna wa likitanki tare da sauran magungunan da kike sha.